Tunkiyar da Ta Faɗa Rijiya

Akwai wani mutum, manomi, yana zaune da matarsa da 'ya'yansa uku. A bayan gidansa yana da rijiya mai zurfi, ruwanta garai-garai, ga sanyi. Kusa da rijiyar ya yi ɗan lambu, ya shuka alayyafo da yakuwa da tattasai, yana ba su ruwa safe da yamma.

Maƙwabcinsa wani dattijo ne, mahaƙin rijiya. Duk ƙauyen ba wanda ya iya shiga rijiya ya yashe ta sai shi. Dattijon nan yana da farar tunkiya guda ɗaya, wadda ya yi renonta da hannunsa tun uwarta ta mutu. Duk inda ya sa ƙafa, tana biye da shi.

Wata ranar kasuwa da tsakar rana, mutane duk sun tafi, sai manomin ya dawo daga gona ya tarar da tunkiyar ta keta danga, tana cikin alayyafonsa. Ya fusata. Da ya buɗe mata hanya kawai, da ta fita. Amma sai ya ɗauki ƙotar fartanya ya kai mata duka a ƙugu da dukan ƙarfinsa. Tunkiyar ta zabura, ta yi tsalle, ta faɗa rijiya. Ya leƙa, ya ji tana fafutuka a cikin ruwa, jim kaɗan ya ji shiru.

Ya duba gabas, ya duba yamma, ba kowa. Ya ɗauko ƙugiyar da ake ciro guga da ita, ya zura, ya yi ta lalube. Amma mushen ya riga ya shige wani kogo a gefen rijiyar, can ƙarƙashin dutse. Ba abin da ƙugiyar ta fito da shi sai ɗan gashi. Sai ya gyara dangar, ya share sawun da ke cikin lambun, ya ce a ransa, "Ba wanda ya gani."

Da la'asar dattijon ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce, "Ɗana, ko ka ga tunkiyata?"

Manomin ya ce, "Ban gan ta ba, Baba. Watakila ta bi 'yan kasuwa."

Dattijon ya dube shi, ya ce, "To, madalla," ya juya.

Kwana biyu ruwan yana nan kamar yadda yake. A rana ta uku matar ta kurɓa, ta tofar, ta ce, "Maigida, ruwan nan yana wani bugawa."

Ya ce, "Randarki ce ba ki wanke ba."

Ta wanke randar da toka, ta kife ta a rana. Warin bai tafi ba. Manomin ya hana kowa zuwa bakin rijiyar, ya ce shi zai riƙa jan ruwa. Ya sayi sabon guga da sabuwar igiya. Ya tace ruwan da farin ƙyalle. Wata rana ya wuni yana ja yana zubarwa, har tafin hannunsa ya yi bororo, yana cewa in tsohon ruwan ya ƙare, sabon zai fito da kyau. Sabon ruwan ya ɓuɓɓugo, ya bi ta kan mushen, ya fito da warinsa.

Matar ta ce, "Ka kira Baba ya yashe mana ita mana. Ga shi nan kusa."

Ya ce, "Ba yanzu ba."

Ya daina bi ta ƙofar dattijon. In ya hango shi a hanya, sai ya ratse cikin gona. Tuwo ya daina yi masa daɗi.

A rana ta bakwai autarsu, yarinya 'yar shekara huɗu, ta kwanta da amai da gudawa. Idanunta suka faɗa, ko kuka ba ta iya yi da ƙarfi. Matar ta goya ta za ta kai ta asibiti. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Ban san abin da ke tsakaninka da rijiyar nan ba. Amma 'yarka ce a bayana."

Manomin ya zauna a ƙasa, ya daɗe. Sa'an nan ya tashi ya tafi gidan dattijon, ya durƙusa, ya ce, "Baba, na yi maka ƙarya. Ni na doki tunkiyarka, ta faɗa rijiyata. Tana ciki har yanzu. Ga 'yata ba lafiya saboda ni."

Ya sunkuyar da kai yana jiran zagi, ko a ja shi gaban mai unguwa.

Dattijon ya ce, "Na sani tun ranar. Na bi sawunta har gindin dangarka. Kullum ina zaune a nan ina duban hanya, ko za ka zo. Tashi, ɗauko mini igiyar can."

Suka tafi. Dattijon ya tuɓe rigarsa, ya ɗaura igiya a ƙugu. Manomin ya ce, "Baba, ni ya kamata in shiga. Ni na yi."

Dattijon ya ce, "In ka shiga ba za ka fito ba. Riƙe igiya."

Ya sauka cikin warin nan da ƙafafunsa. Ya nutsa har wuya, ya sa hannu cikin kogon, ya jawo abin da ya rage na tunkiyarsa, ya ɗaure, aka ja. Ya kwashe laka, ya yashe rijiyar har ƙasa. Da ya fito, dutse ya yayyanke masa hannu da gwiwa, jikinsa duk ƙazanta. Manomin ya dube shi, ya fashe da kuka. Dattijon ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ya isa. Na yafe maka. Ku bar rijiyar kwana uku, ku zo ku ɗebi ruwa a gidana kafin nan."

Washegari matar ta dawo da yarinyar, ta farfaɗo, har tana neman kunu. Da kwana ukun suka cika, manomin ya ja guga, ya sansana, ya kurɓa. Ruwa ne, ba wari. Ya zauna a bakin rijiyar ya sha ya ƙoshi, ya sauke ajiyar zuciya wadda ya riƙe kwana da kwanaki.

Ma'anar wannan misali ita ce, rijiyar nan zuciyar mutum ce, mushen kuwa zunubi. Zunubi ba ƙura ba ce da za a kaɗe daga riga. Can cikin zuciya yake kwanciya, inda tunani da magana da aiki suke ɓuɓɓugowa, ya ɓata su tun daga tushe. Ku lura kuma, ba ya zama shi kaɗai. Fushi ya haifi duka, duka ya haifi ƙarya, ƙarya ta sa mutumin ya ɗora wa matarsa laifi. Yarinyar da ba ta san kome ba, ita ta kwanta ciwo. Kada wani ya ce, "Zunubina nawa ne, ba ruwan kowa." Mutanen gidanka daga rijiyarka suke sha.

Da yawa a cikinmu muna ta sayen sabon guga. Muna sa fararen kaya ran Lahadi, muna ɗaga murya wajen waƙa, muna yi wa kanmu alkawari cewa daga gobe mun daina. Waɗannan ba laifi ba ne, amma ba sa kaiwa cikin kogon.

Wanda muka yi wa laifi, shi ne Allah, shi ne kuma muke gudu. Alhali kuwa ya riga ya sani, yana jiranmu ne kawai. Cikin Yesu Almasihu ya sauko har inda ƙazantarmu take, ya ɗauke ta a jikinsa, ya fito da raunuka domin mu sami tsarki.

'Yan'uwa, in akwai abin da kuka ɓoye, kun gaji da ja kuna zubarwa, ku bari haka nan. Ku je ku faɗa masa gaskiya yau. Ba zai kore ku ba.