Barau a Bakin Layi

An yi wani attajiri, Alhaji Ɗanjuma, mai ƙungiyar tseren motoci. Shekara uku Barau yana direban ko-ta-kwana a wurinsa, ko sitiyari bai taɓa riƙewa ba. Da ya ishe shi da nacin a ba shi motar tsere, Alhaji ya rubuta a takardar kwantiragi cewa ranar da Barau ya riga babban direba isa layin ƙarshe ba tare da ya hau mota ba, za a ba shi motar.

Ranar tsere Barau ya kifa hular kwano, ya dasa benci a bakin layi yana cin gyaɗa. Babban direba ya zagaya fili sau hamsin, ya tsaya gabansa yana haki.

Barau ya ce, "Alhaji, ina tsere ke ƙarewa?"

"Nan."

"Wa ya riga isowa?"

"Kai, amma ai ba ka zagaya ba."

"Babu zagaye a takarda. In kuwa zagayen kake so, ranka ya daɗe, sai da mota."

Alhaji ya juya takarda gaba da baya. "To, wanne zan ɗauka?"

"Wanda ya yi maka. Motar dai ɗaya ce."