Katangar Gabas ta Gidan Malam Datti

A wata unguwa a Tudun Wada akwai wani dattijo mai gidan haya, ana kiransa Malam Datti. Mutumin kirki ne, wannan ba mai musu. Bai taɓa watso kayan ɗan haya waje ba, kuma in aka yi haihuwa a gidansa shi ne yake fara aiko da itacen wanka. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: bai yarda akwai wanda ya fi shi sanin gidansa ba. In ka ce masa ƙofar zaure ta karkace, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce idonka ne ya karkace.

In za a yi masa adalci, yana da dalilin ji da gidan nan. Shekararsa goma sha biyu lokacin da ruwan madatsar Tiga ya cinye ƙauyensu, aka taso su da jakuna da 'yan komatsansu. Mahaifinsa ya samu wannan fili, su biyu suka kwaɓa ƙasa, suka yi tubali, suka tayar da ɗakin farko a ɓangaren gabas. Ƙafar Datti ce ta tattake ƙasar, kansa ne ya ɗauko ruwan. Daga ɗaki ɗaya gidan ya kai ɗaki tara. Da ya gina nasa na zama a maƙwabta, sai ya zuba 'yan haya a tsohon: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, da masu noman rani. Bai taɓa rubuta wa kowa yarjejeniya ba. A gaban mai unguwa ake tafawa, shi ke nan. Yakan ce, "Maganata ita ce takardata." Kuma gaskiya ne, shekara arba'in ba a taɓa kama shi da magana biyu ba.

A da, kowace shekara kafin ruwa ya sauka, Malam Datti yakan zagaya gidan da magina a yi yaɓe. Shi da kansa yake durƙusawa ya duba gindin kowace katanga, inda ruwa ya zaizaye a cike. Amma da maƙwabta suka fara tayar da ginin bulo, sai ya ga nasa ya yi duhu a tsakaninsu. Ransa bai so ba. Ya sa aka shafe ginin ƙasar nan da siminti ciki da waje, aka buga masa fenti ruwan ƙwai. Gida ya fito fes, masu wucewa suna yabawa. Tun daga ranar aka daina yaɓe, aka kuma daina durƙusawa, domin babu sauran abin da ido zai gani.

Bayan shekara huɗu, ƙaramar hukuma ta fito da tsarin yi wa gidajen haya rajista. Mai unguwa Shitu ya tara masu gidaje ya yi musu bayani. Kowa zai je sakatariya ya cike fom. Daga nan duba-gari za su zo su duba gini da rijiya da masai. Gidan da ya cika sharaɗi a liƙa masa lamba a ƙofa, wanda bai cika ba a ba mai shi wa'adin gyara. Kowa ya yi na'am, sai Malam Datti.

"Mai unguwa," in ji shi, "lokacin da na tayar da gidan nan, ina fom ɗin yake? Su je su duba na waɗanda ba a san asalinsu ba."

"Malam, ai ba don an raina ka ba ne. Kowa da kowa ne."

"To ni ba kowa da kowa ba ne."

Wa'adin rajista ya cika bai je ba. Sai ga duba-gari sun zo da kansu wata Talata da hantsi. Shugabarsu wata matashiya ce mai suna Raihana, 'yar marigayi Malam Jibrin, wani malamin firamare da ya yi shekara goma yana haya a gidan. A ɗakin gabas ɗin nan aka haife ta. Da ta hango Malam Datti a kan dakali, ta sauka daga babur tun daga nesa, ta ƙaraso ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina kwana? Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. A'a, Raihanatu ce? Ke ce kika zama haka? Allah ya jiƙan Malam Jibrin."

Ya ji daɗin ganinta ƙwarai, har ya riƙa nuna ta ga mutane yana cewa 'yar gidansa ce. Saboda wannan farin cikin ne ma ya bar su suka shiga. Suka leƙa rijiya, suka auna tazararta da masai, ba matsala. Suka duba rufi, ba matsala. Malam Datti yana biye da su, hannuwa a baya, yana murmushi.

Da suka zo ɗakin gabas, Raihana ta ciro makullin babur ɗinta ta fara ƙwanƙwasa katanga. Daga sama ƙarar a cike take. Da ta sauko daidai gwiwa, sai ƙarar ta sauya, ta zama kamar ana buga ƙwarya. Ta bi katangar daga wannan kusurwa zuwa waccan, duk haka. Ta zagaya ta baya, ta tarar indararon maƙwabci yana zuba daidai gindin ginin, ga wata siririyar tsaga a jikin simintin. Ta dawo fuskarta ba walwala.

"Baba, a yi haƙuri da abin da zan faɗa. Katangar nan ta rabu da simintinta. Ruwa yana shiga ta baya, ya rasa hanyar fita, yana cin ƙasar daga ciki. Ina roƙo a fasa shafen daga ƙasa a duba kafin marka. Kuma mutanen ɗakin su koma wani kafin a gyara."

Murmushin Malam Datti ya ɗauke. Da wata katanga ta ce, wataƙila da ya saurara. Amma wannan ita ce wadda ya gina da mahaifinsa. Ga kuma 'yan haya sun fito suna ji.

"Raihanatu, a ɗakin nan aka yanke miki cibiya. Katangar nan ta girmi ubanki a garin nan. Yau ke za ki zo da makullin babur ki koya mini gini?"

"Wallahi Baba ba koyarwa ba ce. Ku karɓa ku ƙwanƙwasa da hannunku, za ku ji."

Ta miƙa masa makullin da hannu biyu. Ya ƙi ko kallonsa. Ta rubuta takardar gargaɗi ta mako biyu, ta liƙa a ƙofar ɗakin, ta sake durƙusawa ta yi masa sallama. Ƙurar baburansu ba ta kwanta ba ya ɓalle takardar ya cusa a aljihu.

Mai haya a ɗakin wani manomin albasa ne, Uzairu, da matarsa Halima. Halima ta ji duk abin da aka yi, kuma hankalinta bai kwanta ba. Ta matsa wa mijinta, shi kuma ya je ya samu Malam Datti bayan azahar, yana sosa ƙeya.

"Baba, dama cewa na yi, ko za mu ɗan koma ɗakin kusa da zaure, tunda babu kowa a ciki?"

Abu ne mai sauƙi, ɗakin a buɗe yake. Amma Malam Datti ya ga in ya yarda, unguwa za ta ce yarinya ta fi shi gaskiya.

"Uzairu, shekararka nawa a gidan nan?"

"Shida, Baba."

"Na taɓa faɗa maka magana ta tashi?"

"Ko sau ɗaya."

"To na ba ka maganata, katangar nan ba inda za ta. Je ka kwanta da matarka hankali kwance."

Uzairu ya koma ya ce wa Halima Baba ya ba da maganarsa. Ita ma ta haƙura, don a unguwar nan ba a ja da maganar Malam Datti. Da mako biyu suka cika Raihana ta dawo, ya sa aka ce mata ba ya nan, alhali tana hango takalmansa a bakin zaure. Ta bar takarda ta biyu wurin mai unguwa, ta kai rahoto ofis, aka sa ranar da za a kira shi.

Ranar ba ta zo ba marka ta riga ta. Kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. A rana ta uku bayan la'asar, Malam Datti yana zaune a zaurensa yana jan carbi, sai ya ji wata ƙara mai nauyi, ƙasa ta girgiza, sannan ihun mata. Bai tsaya neman takalmi ba. Da ya shiga gidan hayar, ɗakin gabas babu rabinsa. Katangar ta kwanta ciki, ta jawo azara da rufi. Uzairu yana gona. Halima tana ciki.

Maza suka taru suna tono da fartanya da hannu. Malam Datti yana cikinsu, yana yaye ɓaraguzai har farcensa ya fashe. A nan ya ga abin da ya ƙi gani. Simintin ya ɓare fale-fale kamar ɓawon rogo, fentinsa ko ƙwarzane babu, amma ƙasar da ke bayansa ta zama taɓo, tana bin yatsunsa. Tubalin da ya yi da mahaifinsa ya daɗe da narkewa.

Aka ciro Halima da rai, amma azara ta karya mata ƙafa a wuri biyu. Aka ɗauke ta zuwa asibiti. Da Uzairu ya iso, jikinsa duk laka, bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya dubi Malam Datti kawai ya ce, "Baba, kai ka ce mu kwanta hankali kwance." Da mari ya yi masa da ya fi sauƙi.

Malam Datti ya ɗauki nauyin jinya gaba ɗaya, ba wanda ya tilasta shi. Ranar Litinin ya sa babbar rigarsa ya tafi sakatariya da ƙafa. Ya tarar da layi, ya bi. Matasa suka ce ya wuce gaba, ya ƙi. Da Raihana ta hango shi ta taso da sauri za ta durƙusa, ya ɗaga mata hannu.

"Zauna, yau ni na zo wurinki. Ba ni fom ɗin." Ya ciro takardar gargaɗin da ya ɓalle, duk ta yamutse, ya shimfiɗa a kan teburinta. "Kin faɗa, na ƙi ji. Ki yafe mini."

Idon Raihana ya cika da ƙwalla. "Baba, ni ba ku yi mini komai ba."

"Na yi. In kin tashi zuwa, ki taho da makullin nan naki."

Washegari ta zo. Wannan karon shi ya karɓi makullin, ya durƙusa duk da ciwon gwiwarsa, ya bi katangun gidan ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, 'yan haya suna kallo. Ya samu wasu biyu masu ƙarar ƙwarya. Ya sa aka fasa su, aka gyara daga tushe, aka karkatar da indararon maƙwabci. Bayan wata biyu aka liƙa wa gidan lamba. Daga nan Malam Datti ya zama shi ne mai bin masu gidajen haya yana tura su rajista, kuma wanda ya tsaya gardama sai ya kamo hannunsa ya kai shi ya ga inda ɗakin gabas yake a da. Unguwa ta yi alfahari da Raihana, ta kuma yi alfahari da dattijon da ya iya tsayawa a layi ya ce ya yi kuskure. Ba kowane mai furfura ne zai iya ba.

Uzairu da Halima ba su tashi ba, suna ɗakin kusa da zaure, wanda suka roƙa tun farko. Ƙafar ta warke, amma ta gajarce. Kullum da safe Malam Datti yana kan dakalinsa, lambar rajista tana sheƙi a saman ƙofa, yana jin takun Halima in za ta rijiya: ɗaya da ƙarfi, ɗaya a hankali. Duk wanda ya yaba masa gidan a irin wannan lokaci, ba ya amsawa sai takun ya wuce.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda ya zuba mutane a gidansa ya ɗauki amanar rayukansu, kuma amana ba ta tsayawa a kan kyakkyawan suna kaɗai. Mutum yana iya zama mai gaskiya ya ba da maganarsa a kan abin da bai duba ba, wani ya cutu. Rajista da binciken hukuma ba raini ba ne ga mai gida, ido ne na biyu da zai ga abin da sabo da son kai suka rufe masa. In an zo maka da gyara, kada ka dubi shekarun wanda ya kawo shi. Karɓi makullin ka ƙwanƙwasa da hannunka tun katanga tana tsaye.