Ranar Da Mbok Sarinem Ta Manta Ɗanta

Akwai wata tsohuwa a layinmu, nan garin Pekalongan, Mbok Sarinem, wato Inna Sarinem. Shekara hamsin tana zana batik, wato adon jikin yadi, da ɗan alƙalamin tagulla da narkakken kaki, har ciwon mantuwa ya kama ta. Sunaye suka zube mata ɗaya bayan ɗaya, saura na autanta Darminto. Babbar 'yarta Ngatmi ke mata wanka, amma "baiwar Allah" tsohuwar take ce mata.

Idan tsoro ya taso wa tsohuwar, Ngatmi takan miƙa mata alƙalamin, kamar yadda malamar asibiti ta koya mata.

"Mbok, ja numfashi. Hura bakinsa. Ɗiga ɗaya. Kada ki tuna komai, wannan ɗigon kawai."

Ɗigo goma, sai rawar jikin ta tsaya.

Sai ga Darminto daga Jakarta, zai karɓi surukansa. Ya toshe hanci.

"Yaya, gida duk warin kaki! So kike su ce mahaukaciya ta haife ni?"

"Kai, bar mata alƙalaminta. Shi ke riƙe da ita."

Ina! Mai takalmi mai sheƙi ba ya jin magana. Ya fizge alƙalamin daga hannun uwarsa tana kallonsa, ya wurga a kwata. Kwana biyu tana laluben tabarma tana kuka.

Ranar da baƙi suka zo, ana cikin shan shayi, tsohuwar ta fito ta nuna Darminto da yatsa.

"Jama'a, ɓarawo! Ku kama shi!"

Wallahi ina wurin, kuma ban ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Ngatmi ta tsamo alƙalamin ta wanke, hankalin tsohuwar ya kwanta. Sunan ne bai dawo ba. Duk sanda Darminto ya shigo, sai ta ɓoye alƙalamin cikin zani.

Ranar komawarsa ya durƙusa gaban yayarsa yana hawaye.

"Don Allah ki gaya mata ni ne. Ki ce Darminto ne."

Ngatmi ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Shekara uku ina baiwar Allah, ban mutu ba. Me zan gaya mata? Ai ta gane ka sarai."

Wata bakwai tsohuwar ta ƙara a duniya, ba ta sake kiran sunansa ba.

Darasi: Mai ciwon mantuwa yana manta suna, amma tsoron da ka saka masa yana zama. Kada ka raba shi da ɗan abin da ke kwantar masa da hankali don gudun kunyar mutane. Ku tura wa duk mai jinyar tsoho a gida.