Bakaniken da Ya Tona Asirin Kansa

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya da dama, wani bawan Allah bakanike ana ce masa Haladu. Ba shi da gareji na a zo a gani. Inuwar dalbejiya ce kawai, da akwatin sifanu, da tsohuwar tabarmar da yake shimfiɗawa in zai shiga ƙarƙashin mota. Ku saurara da kyau, jama'a, masu hira a baya ku yi shiru.

A garin akwai wani manomin tumatir, Sa'idu. Ya gaji da yadda kayansa ke ruɓewa a bakin hanya yana jiran motar haya, sai ya sayi wata tsohuwar akori-kura da ta sha hannu, ƙofarta ɗaya ma da igiya ake ɗaure ta. Araha ce ta ja shi. Injinta kuwa zuƙar fetur yake kamar raƙumi ya samu rijiya. Aka ba shi shawara ya cire ya sa na dizal. Ya je wurin wani dattijo mai sayar da tsofaffin injuna, Baba Nomau, ya sayo ɗaya. A gabansa tsohon ya tayar da injin, ƙararsa lafiya lau.

Ya kawo wa Haladu, ya ce, "Malam Haladu, saura kwana goma in fara tsinkar tumatir. Ka taimake ni."

Haladu ya sauke tsohon inji, ya sa maƙwabcinsa Gambo mai walda ya gyara mazaunin, ya ɗora sabon, ya haɗa shi da giya, ya canja tiyon mai. Kullum Sa'idu na tsaye a kansa: "Yau za a gama? Yau za a gama?" Rana ta bakwai aka zuba dizal, aka murza makulli, mota ta tashi. Ta yi tafiya kamar daga nan zuwa bakin kasuwa, ta yi tari, ta tuttulo hayaƙi, ta mutu.

Haladu ya ce wataƙila iska ce ta shiga layin mai. Ya sassauta noti, ya yi ta bugun famfo har kumfa ta daina fita. Shiru. Ya aro batir mai ƙarfi. Shiru. Ya kwance nozul, bakunan da ke fesa mai cikin inji, ɗaya bayan ɗaya, ya wanke, ya mayar. Mota ta ce ba da ita ba. Kwana uku yana fama, ga tumatir can a fadama ya nuna ja wur, ya fara zuba.

To, kun san 'yan zuga ba sa rasa aiki. Allah wadaran 'yan zuga! Suka ce wa Sa'idu, "Kai wawa ne? Tsohon nan ne ya sayar maka da mushe." Sa'idu ya tafi rumfar Baba Nomau a fusace. A gaban jama'a ya kira shi ɓarawo, ya kira shi tsohon banza, ya ce gobe sai gaban alƙali. Dattijo mai furfura, mutumin da bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, ya yi ta rantsuwa har hawaye ya jiƙe masa gemu.

A wannan yinin, bayan azahar, Haladu ya kwance matacin mai, ya ga wani jan datti. Ya sunsuna, ya ji warin fetur. Ya sauke tanki ya tuntsurar. Me ya fito? Guntun tsohon fetur, da ruwa, da tsatsa. Ya tuna ranar da ya tsiyaye tankin, ya ce anjima zai sauke shi ya wanke, bai yi ba. Wannan dattin ne ya bi tiyo ya lalata famfon injin. Laifin ba na Baba Nomau ba ne. Nasa ne.

Ku saurara, nan ne wurin. Ba wanda ya gani sai Gambo. Gambo ya matso ya rage murya, ya ce, "Zubar a kwata ka kama bakinka. An riga an ɗora wa tsoho. Kai da iyali, in ka faɗa ko keke ba mai sake kawo maka."

Haladu ya kalli dattin nan. Sannan ya ce, "Gambo, wannan zan iya zubarwa a kwata. Hawayen tsohon nan fa, ina zan zubar da su?"

Ya juye dattin a gwangwani ya nufi kasuwa. Ya tarar Sa'idu bai bar ƙofar rumfar ba, yana ta faɗa. Ya ce, "Malam Sa'idu, ka ƙyale Baba. Injinsa lafiyayye ne. Ni na kashe shi, ban wanke tanki ba. Ga shaida."

Sa'idu ya cakumi wuyan rigarsa, ya fizge gwangwanin ya watsa masa a ƙirji. "Kai! Kai ka sa na zagi sa'an ubana? Kai ka ruɓar mini da noman shekara? Bakaniken ƙarya, macuci!"

Shin Haladu ya ce ai kai ka matsa mini da gaggawa? Da ya faɗa, da ba ƙarya ya yi ba. Bai faɗa ba. Cewa ya yi, "Duk abin da ka kira ni na ji. Amma ka fara ba Baba haƙuri." Sa'idu ya durƙusa a gaban tsohon nan, ya kasa ɗaga kai.

Haladu ya ɗauki famfon injin ya kai birni wurin masu gyaransa, ya wanke tanki har sau uku, bayan kwana biyar mota ta tashi ba tari. Rabin tumatir ya riga ya lalace. Sauran kuwa, Haladu ya rufe akwatin sifanunsa ya bi Sa'idu fadama, yana ɗaukar kwando a ka har aka gama kwashewa.

Kada ku jira in ce muku ya zama attajiri. Bai zama ba. Sa'idu bai sake kawo masa mota ba. Mutanen garin, waɗanda suka ga gaskiyarsa da idonsu, su ne suka laƙaba masa "Mai Kashe Inji," suka kwashe motocinsu suka kai wa masu rufe ɓarna da zaƙin baki. Baba Nomau ne kaɗai, har ya koma ga Allah, duk wanda ya sayi inji a wurinsa sai ya ce masa, "Kai wa Haladu."

Wannan ne ke ƙona mini rai, jama'a! Mutum ya faɗi gaskiya ku guje shi, maƙaryaci ya yi muku dariya ku ba shi amana, sannan ku zo kuna kukan zamani ya lalace. Wa ya lalata shi? Kai tela da ka ɓata yadi ka ce dama ruɓaɓɓe ne. Kai magini da bangonka ya tsage ka ce laifin mai siminti ne. Da kai da ke zaune a nan yanzu, ka san wani na shan zagi a kan ɓarnar da hannunka ya yi, ka yi gum.

Kuskure kowa na yi, ba shi ne abin kunya ba. Abin kunya shi ne ka bar marar laifi ya ɗauki kayanka. Wanda ya san yana da irin wannan a wuyansa, kada ya wuce gida daga nan. Ya je ya wanke wanda aka zalunta tun bakinsa na iya magana, don ranar tana zuwa da hannu ne zai ba da shaida. Allah ya ba mu ƙarfin halin cewa "ni ne."