Dankalin da Ya Fito a Kan Toka

Akwai wata mata mai suna Tomie, haifaffiyar wani ɗan tsibiri a kudancin Japan. Tana budurwa dutsen tsibirin ya yi aman wuta, aka kwashe su a jiragen masunta zuwa birni, ita da mahaifinta da yayanta Genzo.

Mahaifin bai daɗe ba ya rasu. Har ya cika yana tambaya ko hayaƙin ya lafa.

Genzo ya samu aiki, ya yi ƙiba, ya daina ambaton gida. Ita kuwa kullum sai ta je bakin teku ta tsaya tana hangen hayaƙin. In ya gan ta sai ya yi dariya.

"Ke dai Tomie, da toka aka ɗaura miki aure? Tsibirin nan ya mutu."

Da aka ba da izinin komawa, ita da 'yan tsofaffi kaɗan suka koma. Ba gida, ba gona, baƙin dutse ya shafe komai. Amma narkakken dutsen da ya gangara teku ya daskare, ya zama sabuwar ƙasa a inda dā ake jefa taru. Wata tsohuwa, Baba Kiku, ta ce mata kada ta yi kuka, tsibirin gaba ɗaya haka aka haife shi, wuta kan wuta tun daga ƙasan teku.

Ta shuka dankali inda toka ta taru, ya ƙone. Ta sake, ya ƙone. Sai da furfura ta fara fito mata kafin ƙasar ta karɓa.

Wata rana jirgi ya sauke wani tsoho da sanda. Genzo ne. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse, mafarkin gida ya hana shi sakat. Ta kai shi gonarta, ya yi ta waige-waige bai gane ko'ina ba.

"Ina gidanmu yake?"

"Kana tsaye a kansa, Yaya."

Ya zauna a ƙasa, ya kasa ɗaga kai. Ba ta tuna masa komai ba. Ta ciro gasasshen dankali daga garwashi, ta ɓare masa.

"Ci da zafinsa. Na share maka ɗaki."

Darasi: Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa, kuma in ya dahu kada ka hana wanda ya yi maka dariya. Ku tura wa duk wanda kewar gida ke damunsa.