Rago Ya Tsira, Gambi Ba Ta Tsira Ba

An yi wani mutum a garin Doso, mai sayar da wake. Ba zan kama sunansa ba, don kada ya ɓata mini baki.

Ya 'yan uwa, mutumin nan yana da gida da ya zuba 'yan haya. A ɗaki ɗaya 'yata Gambi take da 'ya'yanta biyu, Sumana da Zalika, mijinta ya tafi cin rani. Ɗakin da ke jikin nata kuwa ya cika shi da buhunan wake. Bangon da ya raba su bai kai rufi ba, a sama akwai sararin da kyanwa ke wucewa.

Da ƙwari suka fara cin waken, ya sayo ƙwayar maganin nan mai warin tafarnuwa. Mai sayar da maganin ya gaya masa kada a sa ta inda ake kwana. Shi kuwa ya cusa ta a buhuna, ya toshe taga, ya kulle ƙofa. Sannan ya kwance ragonsa na layya da ke ɗaure a bakin ɗakin, ya ja shi zuwa gidan ƙanensa.

Maƙwabciyarsu Hamsatu tana gyaran zogale, ta ce, "Alhaji, shi ma ragon ya kasa biyan haya ne aka tashe shi?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai bakinki! Maganin nan bai san rago ba."

Gambi ta ce, "Baba mai gida, mu fa?"

Ya ce, "Ku ai mutane ne. In wari ya dame ku, ku yi fifita."

Da gari ya waye aka ɓalle ƙofarta. Yaran sun riga sun yi sanyi. Gambi ta kai asibiti da rai, ta cika kafin azahar.

Mai gidan ya zo gaisuwa da babbar riga, yana cewa ƙaddara ce. Har ya aiko mini da wake, wai a yi sadaka. Waken nan dai! Dattawan unguwa suka ce, "Inna, ki bar wa Allah." Na ce na bar wa Allah, amma Allah ne Ya ba ni ƙafa, kuma na san hanyar ofishin jandarma, inda ake kai ƙara.

A gaban alƙali mutumin ya rantse bai san maganin yana kisa ba. Hamsatu ta tashi ta faɗi abin da ta ji. Alƙali ya ce, "To me ya sa ka ɗauke ragon?"



Alƙali ya ce wanda ya san haɗari ya kau da kai har rai ya salwanta, ko bai yi niyya ba, kisa ya yi. Aka kai shi gidan kaso. Aka ƙona waken. 'Yan haya suka watse. A kasuwa ba mai taɓa ko tiya ɗaya daga rumfarsa. Ɗaurin da aka yi masa bai kai shekarun Zalika a duniya ba, kuma har yau bai ce mini ya yi laifi ba. Ina nan ina jira.

Ragon kuwa ya yi ƙiba abinsa. Ran Sallah iyalinsa suka yanka, suka rarraba nama gida-gida. Kwanukan nan duka suka koma musu a rufe, yadda suka fito.

Ya 'yan uwa, ashe sai da wuƙa ake kisa? Wanda ya tuna da dabbarsa ya mance da ɗan mutum, me zai ce ranar da za a tsayar da shi? Kada ku kira gangancinku ƙaddara. In wani ya dube ka ya ce "mu fa?", ka tsaya ka ba shi amsa, don za a sake yi maka tambayar inda ba a dariya.

Allah Ya jiƙan Gambi da 'ya'yanta. Allah Ya kiyaye mu da ɗaukar ran da ba za mu iya mayarwa ba. Amin.