Rijiya Mai Numfashi da Hukuncin Sarki Mamuda

An yi wani sarki a Birnin Zangaru, Mamuda ɗan Jatau, wanda Allah ya hore wa kyauta da jarumta, amma ya jarrabe shi da saurin fushi, har ya zamana idan ransa ya ɓaci hukunci kan riga bincike fitowa daga bakinsa. Yana da waziri, wani dattijo masanin shari'a mai suna Haliru, wanda shi ma ba mai sanyin zuciya ba ne, sai dai shekaru sun koya masa ya haɗiye fushinsa har lokacin da zai yi amfani.

Al'adar ƙasar ita ce, ba mai jefa iri a ƙasa sai Sarkin Noma ya sa an kaɗa gangar shuka. A wata shekara, bayan bazara ta gasa mutane, sai ruwa ya sauka yini guda kamar da bakin ƙwarya. Sarkin Noma Barmo, mutumin da ba abin da yake so kamar a ce shi ya fara, bai jira ko ƙasa ta tsane ba ya sa aka kaɗa, kowa ya saɓi sungumi ya nufi gona. Mutum ɗaya ne ya tsaya a bakin kasuwa yana roƙon a dakata, wato Arzika mahaƙin rijiya, wani tsoho mai kaushin hannu. Ya ce, "Jama'a, wannan ruwan baƙo ne, wucewa yake yi. Iskar da ke kawo damina ba ta zauna ba tukuna." Aka yi masa dariya, aka wuce.

Kwana ashirin da biyu ba ko yayyafi. Gero ya tsiro, ya lanƙwashe, ya ƙone. Sau biyu hadari yana haɗuwa, sau biyun ana tambayar Arzika cikin ba'a, yana cewa, "Yau ma babu," hadarin kuwa ya watse. To, ku da kuka san halin ɗan Adam kun san cewa wanda ya yi asara ba kasafai yake neman dalili ba, wanda zai ɗora wa laifi yake nema. Barmo kuwa ya fi kowa buƙatar a samu wannan mutumin, kafin a tuna da wanda ya kaɗa ganga.

Ranar Litinin aka jawo Arzika fada. Barmo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan tsohon ne ya ɗaure mana ruwa. Yana haƙa sabuwar rijiya a Unguwar Majema, kuma kowa ya san in ruwa ya sauka kafin a ɗaure bakinta za ta rufta. Sau uku ya ce ba ruwa, sau uku ba a yi ba. A bayan gidansa kuma mun tarar da wata tsohuwar rijiya busasshiya, ya toshe ta da itace da yumɓu, ya bar ɗan rami kamar bakin gora, ya rataya zare da gashin zabuwa a kai. In ba tsafi ba, mene ne wannan?"

Arzika ya buɗe baki ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dubawa kawai na yi, na faɗi abin da na gani..." Sarki ya daka masa tsawa, dogarai suka danne masa kai. Sarki ya miƙe tsaye ya ce, "Talakawana sun zuba abincin 'ya'yansu a ƙasa ya ƙone saboda ramin mutum ɗaya? A jefa shi cikin rijiyar tsafin nasa, a cike ta da ƙasa!"

Waziri Haliru ya ji jini ya hau masa kai. Ya dubi manyan fada, malamai da hakimai, ya ga kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da gefen rigarsa, ya ji kamar ya bi su ɗaya ɗaya da mari. Amma ya gyara zama ya ce, "Allah ya ƙara wa sarki imani, rai ba a mayar da shi idan an ɗauke, hukunci kuwa ba ya lalacewa don an jinkirta shi. Ina neman alfarmar bincike."

Sarki ya ce, "Na ba ka kwana uku, Waziri. Ka kawo mini hujjar da idona zai gani, ba na son karatun littafi. Ranar Alhamis bayan Azahar ni da kaina zan tsaya a bakin rijiyar nan, in ba ka kawo ba, a gabanka za a rufe shi."

Waziri ya tafi gidan yari da rana tsaka, ya tarar da Arzika zaune da mari a ƙafa, ya juya wa ƙofa baya. Ya yi sallama sau biyu kafin tsohon ya amsa.

Arzika ya ce, "Rijiya goma sha ɗaya na haƙa a garin nan, Allah ya gafarta Waziri. Wanda ya tofa mini yawu a hanyar fada, da ruwan rijiyata aka yi masa wankan haihuwa. Haba! Ni ne zan hana ruwa? Ruwa na Allah ne, ni wane ne?"

Waziri ya ce, "Fushinka a kan hanya yake, Arzika, ni ma da shi na zo. Amma fushi ba zai fitar da kai ba. Gaya mini sirrin gashin zabuwa."

Tsohon ya yi tsaki, sa'an nan ya juyo ya ce, "Ba wani sirri. Shekara talatin ke nan na haƙa rijiyar nan ban cim ma ruwa ba, sai na faɗa kan wata tsaga da ta shige cikin kogon dutse wanda ban san iyakarsa ba. Da na toshe bakinta don kada awaki su faɗa, sai na lura tana numfashi. Iska tana da nauyi, ranka ya daɗe, ko da ba ma jinsa a kafaɗa. Idan ta sama ta yi nauyi sai ta danna cikin kogon, gashin ya shige ramin. Idan ta yi sauƙi sai kogon ya huro tasa, gashin ya miƙe sama. Kullum rijiyar takan ɗan ja ta ɗan saki, wannan ba komai ba ne, abin dubawa shi ne ta yini tana hurowa."

Waziri ya ce, "To mene ne haɗin wannan da ruwan sama?"

Arzika ya ce, "Iska daga inda ta yi nauyi take gudu zuwa inda ta yi sauƙi, yadda ruwa ke bin gangare. Iska biyu ke rabon ƙasar nan. Ɗaya busasshiya ce, daga arewa maso gabas take zuwa. Ɗayar mai laima ce, daga kudu maso yamma, fatake sun ce daga teku take tasowa. Inda suka yi karo nan hadari ke haɗuwa. Amma muddin mai laimar ba ta yi kauri ba, busasshiyar na bisanta tana shanye hadarin kafin ya iso ƙasa. Ranar da rijiya ta yini tana hurowa, iska kuma ta juyo ta zauna daga kudu, ranar damina ta iso."

"Don me ba ka taɓa bayyana wa sarki wannan ba?"

Arzika ya yi dariyar takaici ya ce, "Wa ya tambaye ni? An taɓa kiran mahaƙin rijiya fada in ba guga ne ya faɗa ba?"

Waziri ya yi yini biyu zaune a bakin tsohuwar rijiyar, rana na dukansa, yana duban gashin zabuwa, yana watsa ƙaiƙayi sama don ya ga inda iska ta nufa, har ya tabbatar maganar tsohon ba ta da gyara. Sai dai wannan bai rage masa ɓacin rai ba, domin labari ya zo masa cewa Barmo na yawo a gari yana cewa, in an yi ruwa, ai don an ɗaure matsafin ne, in ba a yi ba, ai taurin kai ya yi ya ƙi kwancewa. Dubi rashin tsoron Allah! An gina wa mutum ɗaki ba ƙofa. Waziri ya kuma san ubangidansa sarai, ya san bayani ba ya shiga kunnen Mamuda sai abu ya taɓa jikinsa.

Ranar Alhamis gari ya taru a bakin tsohuwar rijiyar. Aka fasa gefe ɗaya na yumɓun, aka tsayar da Arzika a wurin da igiya a ƙugu, amma Waziri ya hana a taɓa ɓangaren da gashin yake, ya sa aka rufe inda aka fasa da faifai da danyen yumɓu har sarki ya iso. Daga gabas kuwa hadari ya taso baƙi ƙirin, yana rugugi, mata har sun fara guɗa, Barmo na ta nuna sama yana washe baki.

Waziri ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ka ce hujjar ido kake so. Ina roƙon ka matso ka duba da kanka." A taƙaice ya maimaita wa sarki abin da Arzika ya gaya masa, sa'an nan ya ce, "Ina gashin ya nufa?"

Sarki ya sunkuya ya ce, "Ya shige ciki."

Waziri ya miƙa masa ƙaiƙayi, sarki ya watsa, iska ta kwashe shi ta yi kudu da shi. Waziri ya ce, "Daga ina iskar take?"

"Daga arewa."

"To bisa ga bayanin da na yi, me sarki ya gani game da wannan hadarin?"

Sarki ya ce, "In maganarka gaskiya ce, yau ba ruwa."

Waziri ya ce, "A gafarce ni, kunnena ya tsufa, ga kuma rugugi."

Sarki ya fusata ya ɗaga murya, har na ƙarshen taro suka ji, ya ce, "Na ce yau babu ruwa!"

Ba a jima ba hadarin ya iso. Iska ta kaɗa ta yaye jinkar rumbuna biyu, ta ɗauke hulunan mutane, aka ji ɗigo huɗu ko biyar a fuska, daga nan sai gajimaren ya yage ya yi yamma, rana ta fito tas. Guɗa ta mutu a bakin mata. Dogarai suka kama igiyar Arzika suna jiran umarni.

Nan Waziri ya miƙe, ya saki fushin da ya riƙe kwana uku, amma cikin lafazin ladabi. Ya ce, "Allah ya ƙara wa sarki adalci, ina da ƙara. Yau an ga wani mutum sunkuye a kan rijiyar nan yana duban gashin zabuwa, ya ce ba ruwa, kuma ba a yi ba. Shaidu kuwa ga su, gari guda. Hukuncin irin wannan mutumin sarki ya riga ya yanke shi tun ranar Litinin."

Idanun sarki suka kaɗa suka yi ja, ya dafa takobinsa ya ce, "Haliru! Ni kake kira mai ɗaure ruwa? Ni ban ɗaure komai ba! Dubawa na yi, na faɗi abin da na gani!"

Waziri ya ce, "Gaskiya sarki ya faɗa. Abin da Arzika ya fara faɗa ke nan a fada, aka danne masa kai kafin ya ƙarasa. In kuwa son rani ne laifinsa, to a kamo magina da marina da masu shanyar fata, duk a zuba su a ramin nan tare da shi."

Sarki ya daɗe tsaye, hannunsa a kan takobi, Waziri kuwa bai sunkuyar da kai ba. Daga bisani sarki ya juya ya dubi tsohon da ke tsaye taki ɗaya daga ramin, ƙafafunsa sun kumbura da mari. Ya saki takobin, ya taka da kansa ya kwance igiyar, ya ce, "Na zalunce ka, Baba Arzika, kuma saura kaɗan in kai zaluncin inda ba ya gyaruwa. Ka yafe mini." Ya juya ga Barmo ya ce, "Kai kuwa, ka kaɗa ganga ba da sani ba, sa'an nan ka nemi ka rufe kuskurenka da ran mutum. Ajiye rawanin nan." Ya yi umarni a buɗe rumbunan fada a raba wa talakawa iri, kuma daga ranar ba a kaɗa gangar shuka sai Arzika ya ce iska ta zauna. Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya sa a kawo wa Arzika riga da ingarma.

Arzika bai ko dubi rigar ba. Ya ce, "Na yafe, ranka ya daɗe, na kuma gode. Amma a bar ni in tafi gida tukuna. Kwana uku ke nan matata tana shirin takaba, ba wanda ya je ya gaya mata ina raye." Ya ratsa taron yana ɗingishi, mutane na darewa suna ba shi hanya, ba wanda ya iya haɗa ido da shi.

Ruwa bai sauka ba sai bayan kwana tara, kuma a wannan karon ya zauna. Masu ba da labarin sun ce tun daga ranar Mamuda bai sake yanke hukunci a tsaye ba, kuma yakan gaya wa alƙalansa cewa, duk mai mulkin da ya hukunta mutum don ya kawo masa labari mai ɗaci, zai wayi gari ba mai gaya masa gaskiya, kuma adalci yana farawa ne daga barin wanda ake tuhuma ya ƙarasa maganarsa.